Kundin gyaran gida: daga awo zuwa labule

6 ga Janairu, 2025

Yau aka fara, kuma ban sayi ko allura ba. Tef ɗin awo na ɗauka da littafi. Tsawon falon mita 5.5, faɗinsa mita 4.2, daga ƙasa zuwa silin mita 2.8. Akwai babbar taga mai kallon yamma, faɗinta mita 1.8, da ƙarama kusa da ƙofar shigowa, sai ƙofa ta biyu da ake bi a shiga ciki. Na rubuta inda kowane soket yake, da makunnin fitila, da ɓangaren da kowace ƙofa take buɗewa, domin ƙofar da ke buɗewa ta ciki tana cinye fili kusan murabba'in mita guda wanda ba za a iya ajiye komai a kai ba.

Na zana ɗakin a takarda, kowace santimita ɗaya a madadin santimita 25, sannan na yanka ƙananan kwalaye a madadin kujeru da tebur da kanta. Tura kwali a kan takarda ya fi tura kujera mai cin mutum uku sauƙi.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina ɗaya ne: ba za a sayi abu ba sai an san inda zai zauna, da girman da wurin zai ɗauka, da irin hasken da zai faɗa masa. Baban yara ya leƙo ya ga takardu a baje, ya ce, "To yaushe za a fara aikin ne?" Na ce masa ai an fara.

11 ga Janairu

Kafin a kwashe kaya na ɗan zuba ido na ga yadda ake amfani da falon a zahiri, ba yadda nake so a ce ana amfani da shi ba. Kujerar da ke jikin taga kowa ke rububi. Biyun da ke kusurwar ƙofa babu mai zama a kansu sai jakunkunan makaranta. Yara a ƙasa suke aikin gida, sun juya wa fitila baya, inuwar kansu na kan littafin. Hanyar wucewa daga ƙofar waje zuwa ta ciki kuwa ta ratsa tsakanin masu kallo da talabijin, shi ya sa kullum sai ka ji ana "matsa mana".

Kujerun duk an jera su a jikin bango, kowace ta manne, tsakiyar ɗakin fayau. Tsarin da yawancinmu muka saba ke nan, amma yana mayar da falo tamkar ɗakin jiran likita: mutane na nesa da juna, sai an ɗaga murya ake hira.

Da aka fitar da komai, sai ɗakin ya fara amsa kuwwa, yara suka samu abin wasa. Wannan amon shi ya tuna mini cewa kafet da labule ba don ido kaɗai ake sa su ba. A 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da magana ke yawo a cikinsa sama da daƙiƙa biyar kafin ta mutu. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da dare suna jerawa suna aunawa, har ya gano lissafin da ke tsakanin girman ɗaki, da yawan abu mai laushi a cikinsa, da tsawon amo. Da wannan lissafin ake aiki har yau. Tayil da gilas da bangon siminti suna mayar da sauti, yadi da soso da littattafai suna shanye shi.

18 ga Janairu

Na sauko da zanen takarda ƙasa. Da tef mai manne na zana girman kowace kujera a kan tayil, muka yi ta zagayawa muna gwadawa. Ma'aunan da na riƙe: hanyar wucewa kada ta gaza santimita 80, in da hali 90. Tsakanin kujera da teburin tsakiya santimita 40 zuwa 45, yadda hannu zai kai ga kofi kuma ƙafa ta samu wurin miƙewa. Tsawon teburin kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar, tsayinsa daidai da mazauninta ko ƙasa kaɗan.

Abin da ya fito: babbar kujera za ta baro bango ta juya wa hanyar wucewa baya, masu wucewa su bi ta bayanta. Ƙananan biyu za su fuskanci juna a gefe da gefe. Sauran biyun da jakunkuna ke kwana a kai za su bar falon gaba ɗaya. Baban yara bai ji daɗin wannan ba, ya ce idan baƙi suka yi yawa fa? Muka daidaita a kan ƙananan kujerun tsugunno guda biyu masu soso, waɗanda za su shige ƙarƙashin kanta, a jawo su ranar da ake bukata. Bai kamata a cushe ɗaki duk shekara saboda taron da ba ya wuce yini ba.

25 ga Janairu

Fitila kafin fenti. Mutane da yawa suna juya wannan jerin, su zaɓi launi a ƙarƙashin wani haske, daga baya su canza kwan fitila, sai bangon ya rikiɗe musu.

Abin da ke falon a da shi ne kwai ɗaya tal a tsakiyar silin, fari fat mai ɗaukar ido. A jikin kwalinsa an rubuta 6500K. Wannan lambar ta Kelbin ita ke nuna launin hasken: 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗumi da ya ja zuwa ruwan ɗorawa, irin na tsoffin kwayaye masu zare, 4000 tsaka-tsaki, 6500 kuma ya ja zuwa shuɗi. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramar lamba ce mai ɗumi, babbar ce mai sanyi. Ƙarfin haske kuma yanzu ba a duba shi da wat, da lumen ake dubawa. Tsohon kwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, na LED kuwa da wat 8 zuwa 10 yake ba da hakan. Akwai lamba ta uku da ba kowa ke kula da ita ba, CRI, wadda ke nuna yadda hasken ke fito da ainihin launin abu. Ƙarshenta 100. Yawancin na kasuwa 80 ne, na nemi 90, domin a ƙarƙashinsa ja yana fitowa ja, fatar mutum ba ta yin toka-toka.

Falon murabba'in mita 23 ne. Idan aka ba kowane murabba'i lumen 150, ana bukatar wajen 3,500. Maimakon in ɗora su duka a kan kwai ɗaya, na raba su gida huɗu: ta silin, doguwa mai tsayawa a ƙasa kusa da kujerar karatu, ƙarama a kan teburin gefe, da siririya da za ta ɓuya a bayan kanta. Duka 3000K, saboda haɗa fari da ruwan ɗorawa a ɗaki ɗaya yana sa ido ya kasa samun natsuwa. Hasken da ke zubowa daga sama kaɗai yana jefa inuwa ƙarƙashin ido da haɓa, kowa ya yi kamar bai yi barci ba. Wanda ke fitowa daga gefe, daidai tsayin kafaɗar mai zaune, shi ke sa ɗaki ya yi daɗin zama da dare.

Mai gyaran wuta ya ƙara soket biyu, ɗaya a bayan inda talabijin zai rataya. Gara a fasa bango yanzu da a fasa shi bayan fenti.

2 ga Fabrairu

Na karɓo ƙananan gwangwanayen gwaji na launi uku: fari mai ɗan ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, da kore mai duhu-duhu da ya ja zuwa toka. Ban shafa su a bango ba. Na shafa kowane a babban kwali, shafi biyu, na bar farin gefe, ina ɗaga su daga wannan bango zuwa wancan da safe da rana da kuma bayan an kunna fitila.

Dalilin kwalin shi ne launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa yana canza shi. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ya bi diddigin wannan. A 1824 aka ba shi shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, inda ake ta ƙorafin cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, zaren shuɗi da na shunayya da ake saƙawa kusa da shi ne ke sa ido ya ga baƙin ya kode. Ya wallafa bayanin a 1839. Saboda haka idan ka shafa sabon launi a kan tsohon bango mai ruwan ɗorawa, ba sabon kake gani ba, faɗansu kake gani.

Tagar yamma ta yi nata hukuncin. Da la'asar ruwan ƙasar nan ya koma kamar lemo, ɗakin ya yi zafi a ido. Farin mai ruwan madara ya jure duk lokutan. Koren kuwa da dare ya yi kyau ƙwarai, amma a bango huɗu zai haɗiye hasken. A bayan katin launi na wasu kamfanoni akwai lamba daga 0 zuwa 100 da ke nuna kason hasken da fentin ke mayarwa: farin nan ya haura 80, koren bai kai 20 ba.

Yaya ta zo ta tarar da ni da kwalaye. Ta ce, "Ke dai kina son wahalar da kanki. Ki sa fari ki huta." Na ce, "Yaya, farin ma ai kala-kala ne." Ta ɗauki biyu ta haɗa su gefe da gefe, ta yi shiru, sannan ta nuna mai ruwan madarar. A kan rabon launi na bi ƙa'idar nan da masu adon ɗaki ke yawan faɗa, 60 da 30 da 10: kaso mafi yawa farin bango da silin, na biyu koren da zai hau bango ɗaya da kujeru, ɗan ƙaramin kason kuma jan ƙasa a matasai da tukwane. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum sayen duk abin da ya burge shi.

9 ga Fabrairu

Ranar cike ramukan ƙusa da goge bango da samfefa. A ƙasan ƙaramar taga fenti ya kumbura yana ɓarewa. Danshi ne ke shigowa ta wata tsaga a bakin tagar daga waje. An toshe, za a bar wurin ya bushe sarai. Fenti ba ya maganin danshi, ɓoye shi yake na ɗan lokaci.

15 ga Fabrairu

Lissafin fenti: kewayen ɗakin mita 19.4, a ninka da tsayi 2.8, ya ba da murabba'in mita 54 da ɗoriya. A cire ƙofofi da tagogi, saura wajen 47. Shafi biyu, 94. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi, don haka lita 10 ta isa, takwas fari biyu kore, ban da na silin da na share fage da aka shafa a wuraren da aka yi faci.

Mai fentin ya so ya sa mai sheƙi a ko'ina. Ya ce, "Hajiya, gida mai yara ai sai mai sheƙi, da tsumma kawai za ki goge." Na ce, "Gaskiyarka Malam, amma zo ka duba bangon nan ta gefe." Hasken yamma yana kwanciya a jikinsa yana tona duk wani tudu da kwari na filasta. Mai sheƙi zai ƙara fito da su, marar sheƙi yana lulluɓe su. Muka raba: marar sheƙi wanda ake iya wankewa a bangon falo, mai ɗan sheƙi a ƙofofi da katakon gindin bango da lungun wucewa inda hannuwa ke yawan taɓawa.

Silin aka fara, sannan bango, sannan katako. Tsakanin shafi da shafi an bar awa huɗu. Mai fentin ya cire tef ɗin gefe tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, layin ya fita tsaf. Tagogi a buɗe suka kwana saboda wari. Na ɗebi ragowar kowane launi a ƙaramar kwalba, na rubuta lambarsa a murfi, don ranar da wani zai gwada biro a bango.

22 ga Fabrairu

Kujerun ba za a canza su ba. Na kifar da babbar na duba: katakon lafiyayye ne, mahaɗansa ba sa motsi, soso da yadi ne suka mutu. Kujera irin wannan ta fi sababbi da yawa da ake haɗawa da katakon garin katako da 'yan ƙusoshi.

Wurin mai yin kushin na tsaya a kan abu biyu. Na farko nauyin soso, wanda ake aunawa da kilo a kowane kubik mita. Na mazauni ya kai 30 zuwa 35, na jingina kuma zai iya zama ƙasa da haka. Nauyi daban, tauri daban: ana samun soso mai tauri marar nauyi, wanda zai ruɗe ka ranar farko ya lotsa cikin 'yan watanni. Na biyu juriyar yadi. Akwai gwajin da ake kira Martindale, inda na'ura ke goga yadi har sai zarensa ya fara tsinkewa, a ƙirga sau nawa. Na kujerar da ake zama kullum ana son 25,000 zuwa sama. Na zaɓi kore mai saƙa biyu, zare mai duhu da mai haske a cakuɗe, saboda irinsa ya fi launi ɗaya sumul ɓoye tabo. Rigunan matasan duk da zif, a cire a wanke.

1 ga Maris

Kafet. A nan ne aka fi yin rowa, kuma a nan rowar ta fi fitowa fili. Ƙaramin kafet da ke tsakiya shi kaɗai, teburi a kansa, kujeru na kallonsa daga nesa, yana ƙanƙantar da ɗaki. Tef ɗin da ke ƙasa ya nuna mai 160 da 230 ba zai kai ƙafafun kujerun gefe ba, don haka na ɗauki mai 200 da 300. Ƙafafun gaba na kowace kujera suna kansa, kuma an bar tayil a buɗe tsakaninsa da bango ta kowane gefe. Gashinsa gajere ne, mai dogon gashi yana da daɗin takawa amma duk abin da ya faɗa ciki ya shiga ke nan. An shimfiɗa masa abin hana zamewa a ƙasa.

Amon ɗakin ya ragu nan take, tun kafin labule.

9 ga Maris

Telan labule ya auna bakin taga ya tsaya. Na roƙe shi ya ɗaga tef ɗin sama. Sandar za ta zauna santimita 15 ƙasa da silin, ta kuma zarce tagar da santimita 20 a kowane gefe, tsawonta ya zama mita 2.2. Amfanin hakan biyu ne. Ido yana bin labule daga sama har ƙasa, sai ɗakin ya yi kamar ya fi tsayi. Kuma idan aka zuge, yadin yana taruwa a kan bango, ba ya cin rabin gilashin.

Faɗin yadi ninki biyu na sandar, wato mita 4.4, in ba haka ba idan aka rufe zai miƙe kamar an shanya zani. Tsawonsa ya tsaya santimita ɗaya kafin ƙasa: ba ya sharar ƙura, ba ya kuma ɗangalewa. Na sa aka jiƙa yadin ya bushe kafin a yanka, tunda auduga da lilin suna tsukewa a wankin farko. Sanda biyu ce, ta ciki mai shara-shara don rana, ta waje mai kauri da shafi a bayanta, domin ranar yamma tana cin launin yadi, tana cin na kujera ma. Babu igiyar ja ko ɗaya. Igiyar labule mai lilo haɗari ce ga wuyan ƙaramin yaro.

16 ga Maris

Rataye-rataye. Yawancin gidaje ana kai hoto can kusa da silin, sai an ɗaga kai. Gidajen adana zane-zane suna sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye, na bi hakan. Wanda ke saman inda kanta za ta zauna kuma tazarar santimita 20 na bari tsakaninsu don su zama abu ɗaya. Firam biyar ne a bangon kore. Na yanka takarda daidai girman kowane, na manna, na yi ta matsarwa har suka zauna, sannan aka buga ƙusa ta cikin takardar. Tazarar da ke tsakaninsu santimita 6 ce a ko'ina. Girmansu ya bambanta, wannan tazarar ce ta haɗa su.

Madubi ya tafi bangon da ke gefen babbar taga, ba wanda ke fuskantarta ba. Da ya fuskance ta, da ranar la'asar ta dawo kai tsaye cikin idon mai zaune. Kafin a kafa shi na tsaya a wurin na duba abin da zai nuna, domin madubi yana ninka duk abin da ke gabansa ne, kyau ko tarkace.

A kan talabijin muka ɗan ja da Baban yara. Shi yana so a sama, ni na ce ya zauna a kujera ya kalli bango, inda idonsa ya sauka nan ne tsakiyar allon. Ya faɗa wajen santimita 105. Talabijin ɗin inci 55 ne, kujerar na nesa da shi da kamar mita biyu da rabi. Wayoyin duka sun bi ta cikin siririn bututu da aka shafa wa fentin bango.

23 ga Maris

Kafinta ya kawo kanta. Kafin a ɗora ko littafi ɗaya sai da aka ɗaure ta da bango da ƙarfe biyu. Ya ce ai tana da nauyi, ba za ta faɗi ba. Nauyin ne ma abin tsoro. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rufto wa ƙananan yara sun mutu. Yaro yana jawo aljihun durowa ya taka ya hau, nauyin ya koma gaba. Durowar ɗakin yara ma an ɗaure ta yau.

Jeren kaya a kanta ya ci mini lokaci fiye da yadda na zata. Masu nauyi a ƙasa, littattafai wasu a tsaye wasu a kwance, kwanduna biyu masu murfi na caja da rimot da ƙananan tarkace. Kayan adon da na tara shekara da shekaru na baje su a ƙasa, na ɗauki kashi ɗaya cikin uku, sauran suka koma kwali. Ba zubarwa zan yi ba, zan riƙa musanyawa. Kowane gida na kantar na bar masa sarari. Yaya ta ce kamar ban gama ba. Na gama. Idan aka cika ko'ina, ido ba ya ganin komai.

30 ga Maris

Tukwanen shuka uku: doguwa mai ganye kamar takobi a kusurwar da haske bai cika kaiwa ba, tunda tana jure hakan da ƙarancin ruwa, mai yaɗo a can saman kanta inda hannun yara ba ya kaiwa domin ganyenta yana ƙona baki, da mai faɗin ganye kusa da taga. Kowace tukunya da huda a ƙasa da faranti. Yawan ban ruwa ya fi ƙishi kashe shukar ɗaki.

Mai sayarwar ya ce suna tace iska. Maganar ta samo asali ne daga binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989, amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. Masu bincike a jami'ar Drexel sun sake duba alƙaluman a 2019, suka nuna sai an tara shuka goma zuwa dubu a kowane murabba'in mita kafin su yi abin da iskar da ke shiga da fita ta gida ke yi. Don kyau na saye su, kuma sun yi.

12 ga Afrilu

Falo ya zauna, an koma ɗakin kwana. Mita 3.6 da 4 ne. Gadon faɗinsa 180, kuma a kusurwa yake, mai kwana ta bango sai ya tsallake ɗan'uwansa. Na dawo da shi tsakiyar bangon da ke fuskantar ƙofa, kowane gefe ya samu santimita 90, alhali 60 ma ta isa a wuce a gyara shimfiɗa. Matsalar wadrob ce: zurfinta 60, ƙofofinta na buɗewa waje suna bukatar wani filin kusan haka, kuma yanzu suna dukan ƙafar gado. Kafinta zai mayar da su masu zugewa.

Nan launin zai fi na falo duhu, fitilun kuma 2700K, ɗaya a kowane gefen gado da makunninta a kusa. Haske mai ƙarfi da ya ja zuwa shuɗi da dare yana danne sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci, don haka farin kwan da ke silin zai koma kicin, inda ake son ganin abin da ake yankawa. Teburin gefen gado tsayinsa daidai da saman katifa. Matasan ado guda biyu kawai, ban ga amfanin tulin da za a sauke kowane dare a mayar kowace safiya ba.

20 ga Afrilu

An yi fentin ɗakin kwana, shuɗi mai toka, har da bangon bayan gado. Sabbin ƙofofin wadrob sun iso da warin gam, irin na katakon da ake matsewa, don haka suna baranda suna shan iska kafin a kafa. Labulen nan mai toshe haske ne gaba ɗaya, yana wurin tela, an ce sai mako mai zuwa.

A falo an samu canji ɗaya da ba ya cikin zane: yara sun janye doguwar fitilar zuwa bakin kafet, nan suke aikin makaranta yanzu. Na bar ta a wurin, na matsar da kujerar karatun ta bi ta. Saura lungun shigowa, inda takalma da jakunkuna suka koma taruwa tunda aka ɗauke musu kujerunsu. Faɗinsa mita 1.1 ne, don haka duk abin da za a sa kada zurfinsa ya wuce santimita 25, in ba haka ba hanyar ta gaza 85. Na ba kafinta awon siririyar kantar takalma da maratayai biyar, uku daga ciki a tsayin mita ɗaya yadda yara za su kai da kansu.